Mahadi, Wanda Ya Koya wa Na'ura Jiran Tsofaffi

Kullum da hantsi Mahadi Gambo na ɗakin baya na wata rediyon intanet a Gusau, gaban kwamfuta, shayinsa ya huce bai sani ba. Ba a jin muryarsa. Shi ke rubuta wa na'ura umarni: yaushe waƙa za ta lafa murya ta hau, yaushe za a ɗauko mai kira daga ƙauye, me za a sako in layi ya yanke. Amma masu gabatarwa ake kai wa goro. Haushin wannan ya sa na ce a rubuta mini labarinsa.

Ni Jummai ta Kekun Waje, na ga aikinsa. Da maigidana ya rasu, maƙwabci ya ci mini iyakar gona, wai ba ni da shaida. Na kira rediyon. Ina ambatar marigayi sai na yi shiru. Ashe na'urar in ta ji shiru, ɗauka take layi ya mutu. Ina hawaye ta sako waƙar biki!

Washegari sai Gusau, na faɗa musu ofis.

"Wane marar kunya ya yi mini kiɗa?"

Kowa ya nuna ɗakin baya. Mahadi ya durƙusa.

"Inna, ni na rubuta umarnin."

"Kai uwarka ba ta shiru in ta tuna mamaci?"

"Tana yi, Inna."

Bai laɓe bayan na'ura ba. Nan take ya sake umarnin: muddin layi na buɗe, ko kukan kaza ake ji, a jira mai magana.

Ran Juma'a na sake kira. Shirun ya dawo, na'ura ta jira ni har na ƙarasa. Arzika, abokin noman maigidana, yana saurare a waya daga Legas. Ya kira, Mahadi ya haɗa mu, Arzika ya faɗi inda tsamiyar da ke nuna iyakar take kafin a sare ta. Mai gari ya sa aka tono kututturenta. Bana gerona ya kai har can.

Kai ne, Mahadi, mai jiran tsofaffi. Allah ya saka maka, ya ba 'yan baya kunne irin naka.

Ku kuma masu rediyo, shekarun nan duka ba ku taɓa faɗin sunansa ba. Ku faɗa duniya ta ji. In kun ƙi zan kira in faɗa da kaina, kun kuwa san yanzu na'urar ba ta katse ni.