Tsakuwar da Baffa Iro Yake Ji a Tuwona

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu bayan ruwan Tiga ya tashe mu daga tsohon gari, ya san Baffa Iro da gammonsa. Sauran dattawa carbi ne a aljihunsu, shi kuwa gammo. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗauki tulu ya bi sahun mata, don a sabon wurin da aka zuba mu rijiya ta yi nisa ƙwarai. Ƙanen mahaifina ne. Ni kuwa Ado, da nake taƙamar na gama firamare, ba abin da na tsana a lokacin kamar a ce mini ga baffanka can.

Wata rana liman ya tare shi a hanya.

"Haba Iro, da furfurarka? Wannan ai aikin mata ne."

Baffa ya tsaya, ruwa na ɗiga masa a gemu. "Allah gafarta Malam, ruwan da ka yi alwala da shi yau, daga sama ya faɗo cikin butar?"

"Iyali suka ɗebo."

"To ladan nan nake so a raba da ni. Ko akwai littafin da ya hana?"

Liman ya gyara rawani, ya ce ana jiransa a wajen suna.

Haka yake daka da matarsa Inna Kande, har da lugude. 'Yan majalisar gindin ɗorawa suka sa masa suna mijin-ta-ce. Ranar da Tanko mahauci ya faɗa masa a gaban idonsa, sai Baffa ya shafa tumbi ya ce, "Ta ce, na ji, na ƙoshi. Kai da ba a ce maka komai, dubi wuyanka."

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na Kwanar Dangora. Ina zaune da abokai, na sha guga, sai ga Baffa yana tallan ƙuli-ƙulin Inna Kande, da jikarsa goye a baya. Wani direba ya tambaye ni ko na san tsohon can mai taɓin hankali. Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ashe Baffa ya ji. Ya ratso mutane ya juyo mini baya, ya ce da ƙarfi, "Ado ɗan yayana, ɗaure mini majanyin nan, ya kwance." Na ɗaure, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk wannan abin dariya ne. Abin da zan faɗa yanzu shi ne har gobe ba na iya ɗaga kai in an tuna shi.

Da aka zo rabon sababbin gonaki a madadin waɗanda ruwa ya ci, ni nake zagawa da ma'aikata ina nuna musu gidaje. Gonar mahaifinmu ta mu biyu ce, ni da Yaya Habi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Na ce a sa sunana ni kaɗai. Wai mace ina ita ina noman rani da ban-ruwa, zan riƙa auna mata hatsi. Na auna shekara ɗaya, daga nan na fara mantuwa.

Baffa bai yi mini faɗa ba. Ya zo gidana aka kawo tuwo, ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ɓata fuska.

"Akwai tsakuwa."

Matata ta rantse ta rege dawar sau biyu.

"Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Ƙasar Habi ce a ciki, ba ta reguwa."

Tun daga ranar, in zai zo gidana da ɗan akushinsa yake zuwa, ya zauna kusa da ni ya ci nasa, ya yi ta hira kamar ba komai. Ranar sunan ɗana ma haka ya yi a gaban baƙi. Aka miƙa masa nama ya ce haƙoransa sun tsufa, ba sa jure yashi. Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa taurin kai ya hau ni. Na ce in na mayar da gonar yanzu, za a ce tsoho mai gammo ya kayar da ni.

Shekara uku muna haka. Da ciwo ya kwantar da shi, na sa aka dama masa kunu na kai da hannuna. Ya shinshina, ya yi murmushi.

"Daga wace gona?"

Ya ture ƙwaryar a hankali ya ce, "Allah ya yi maka albarka, sai wani jiƙon." Bayan kwana biyu ya cika.

Washegarin sadakar bakwai na ɗauki igiya da shaidu, na yanke wa Yaya Habi rabonta, na je na durƙusa a gabanta. Na shirya jin kowace irin magana. Ita kuwa ta ce, "Tashi, Ado. Baffa ya ce kada in kai ka ƙara, da ƙafarka za ka zo. Ya kuma ce ranar da ka zo, kada in yi maka gori."

Ashe duk shekarun nan yana tsare haƙƙinta, yana kuma rufa mini asiri. Ni ko sau ɗaya ban bari ya ƙoshi a gidana ba.

Allah ya jiƙan Baffa Iro, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Ni kuma Allah ya yafe mini jinkirin da na yi.