Malam Awaisu da Maƙalar Tsargiya

Shekara talatin da ɗaya Malam Awaisu ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a Malumfashi. Mutumin Dayi ne, ɗan manoma. Karatunsa bai wuce makarantar koyon aikin lafiya ba, amma wajen duba jini da fitsari a madubin likita babu kamarsa a yankin. Ƙwan tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, kallo ɗaya yake yi masa ya gane shi.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai Dakta Omowunmi ta zo daga jami'a a Zariya da bincikenta. Haifaffiyar Funtua ce, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran babur, Hausa a bakinta kamar ta kowace Bakatsina. So take ta gano dalilin da ya sa tsargiya ke dawowa ƙauyukan bakin dam bayan an raba magani. Shekara uku suna bin ƙauyuka a kan babur, daga Dayi har gefen Bakori, da kwalaben gwaji a cikin kula.

Awaisu ne ya lura da abin da aikin ya tsaya a kansa. A makarantu ake raba maganin, yara su sha su warke. Iyayensu kuwa masu noman rani, da ke yini cikin ruwa suna ban ruwan tumatir, ba wanda ya taɓa gwada su. Da ya gwada, sai ga cutar jibge a jikinsu, su ne ke mayar da ita cikin dam ɗin.

Da lokacin rubuta maƙalar binciken ya yi, Dakta ta same shi a wurin aiki.

"Malam Awaisu, sunanka zai shiga cikin marubuta. Sai dai ka zo Zariya mu zauna mako biyu, ka karanta, ka gyara, ka sa hannu."

Lokacin masararsa ta bushe tana jiran karya. Ga kuma abin da bai faɗa wa kowa ba: yana jin nauyin zama cikin malaman jami'a da ɗan Turancinsa na asibiti.

"Dakta, ki sa naki, ya wadatar. Ni me suna a takarda zai yi mini?"

Sau uku tana kiransa a waya, yana cewa sai an gama aikin gona. Maƙalar ta fito da sunaye biyar. A can ƙarshe aka yi godiya ga "ma'aikatan lafiya na yankin".

Bayan shekara takwas wata makarantar koyon aikin lafiya ta nemi malamai, ya nema, domin koyarwa ce burinsa tun yana saurayi. A wurin ganawa aka tambaye shi ko yana da maƙalar da aka buga. Ya ba su labarin binciken tsargiya. Shugaban kwamitin ya duba kwamfuta, ya ce, "Mun san aikin nan sosai, Malam. Amma ba mu ga sunanka ba." Wani aka ɗauka.

Bara, bayan ta zama farfesa, Omowunmi ta kawo masa ziyara Dayi, inda ya koma da ya yi ritaya. Ta buɗe kwamfutarta a zaure ta nuna masa: masu bincike sama da ɗari huɗu sun kafa hujja da maƙalar. Ta nuna masa wani zane mai kama da saƙar gizo-gizo, layuka sun tashi daga sunanta zuwa sunayen waɗanda ta yi aiki da su a Mali da Kenya da Masar.

"Da wannan ake auna mu," in ji ta. "Rabin layukan nan daga aikinka suka fito."

Ya ce, "Yanzu ba a iya ƙara suna?"

"Na rubuta wa masu mujallar da ta buga maƙalar sau biyu, sun ƙi. Amma ina da sabon bincike. Ka zo mu yi."

Ya girgiza kai. Yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagun ma da ƙyar yake karanta takardar magani. Sai ya roƙe ta ta karanta masa sunayen waɗanda suka ambaci aikin. Ta karanta kamar ashirin, yana sauraro, yana tambayar daga wace ƙasa kowanne yake. Da aka kira la'asar ya raka ta bakin titi, ta kama hanyar Funtua.