Mma Bashiratu Ta Ƙi Hawa Motar Wahabu

A Salaga aka haifi Mma Bashiratu, a gidan fataken goro. Aure ya kai ta Bawku, inda ta yi shekara goma sha tara tana sayar da albasa. Da mijinta ya rasu ta kwaso 'ya'yanta huɗu zuwa Yendi, ta buɗe rumfar mayafai da dogayen riguna. Ba ta yi boko ba, amma tana gane lamba, kuma ba ta son a yi mata kallon wadda ba ta san komai ba.

Tana da shekara hamsin da takwas ta shiga ayarin mata takwas 'yan zango masu zuwa Istanbul saro kaya. Kafin tafiya, ɗiyarta Anisatu ta kai ta banki a Tamale, aka yi mata kati irin wanda ake loda wa kuɗi tun daga gida.

"Mma, da wannan za ki riƙa biya," in ji Anisatu. "Ba sai kin yi ta yawo da dala a ɗaure a bakin zane ba."

Wanda ya tarbe su a can wani ɗan Bawku ne, Wahabu, da ya daɗe a birnin. Tun a mota ya shimfiɗa musu dokarsa: kullum shi zai kai su kasuwa ya dawo da su, canjin kuɗi ma a hannunsa za a yi. Da ya faɗi kuɗin mota na kwana ɗaya, matan suka ga ya yi tsada, amma suka biya.

Kwana biyu Mma Bashiratu tana biya tana kallon taga. Ta ga wani jirgin ƙasa ƙarami yana bin tsakiyar titi, yana wuce su a cunkoso, cike da mata masu jakunkunan kasuwa. A ƙofar masaukinsu yake tsayawa, a bakin kasuwar ma haka.

Rana ta uku aka zo shiga mota, ta gyara mayafi ta tsaya.

"Wahabu, ku tafi. Ni wancan zan hau."

Ya yi dariya. "Haba Mma, nan fa ba Yendi ba ne. Ko sunan tasha ba za ki iya karantawa ba. In kika ɓata, babu ruwana."

"Na san uwarka a kasuwar albasa tun ba a yaye ka ba," ta ce. "Ita ma ba ta karatu, amma har Kumasi take kai kaya. Matsa mini."

Awawu, ƙawarta tun daga Salaga, ta riƙo hannunta. "Yaya, ki rufa mana asiri."

Ta zare hannun ta tsallaka titi.

A tashar ta tsaya gaban na'urar sayar da katin sufuri, ta rasa inda za ta taɓa. Kunya ta kama ta, don ta san daga mota ana kallonta, amma ba ta waiwaya ba. Wata tsohuwa Baturkiya ta lura da ita. Da hannu da ido suka yi magana, tsohuwar ta dangwala nan ta dangwala can, Mma Bashiratu ta ɗora katin bankinta, sai ga katin sufuri ya faɗo. Ta ɗora shi a ƙofa, ƙofa ta buɗe.

Zuwa kasuwa lafiya lau, ta ƙirga tasha huɗu ta sauka, ta riga motar isa. A dawowa ne ta hau wanda ya nufi wancan gefen. Ta ƙirga huɗu ba ta ga masauki ba, ta ci gaba har sai da ta ga teku a gabanta. Ta gane ta ɓata, ta sauka. Lambar Wahabu na cikin wayarta, ta dube ta, ta mayar da wayar jaka.

Sai ta ga mutane na ɗora irin katin sufurinta suna shiga jirgin ruwa. Ita da ta sha ƙetare tafkin Volta daga Makango zuwa Yeji da kaya a ka, ruwa ba ya ba ta tsoro. Ta ce tun da ta zo, bari ta gani. Ta ƙetara, ta yi la'asar a wani masallaci, ta sha shayi, ta dawo, ta hau jirgin da ya dace.

Ta tarar da matan a ƙofar masauki, Awawu na share hawaye, Wahabu na ta faɗa.

"Ba na faɗa miki ba, Mma?"

"Ka faɗa. Ga ni kuma."

Ta gaya wa matan inda ta je, da cewa duk yawon bai kai rabin kuɗin motarsa ba. Washegari Awawu ta bi ta. Kafin mako ya cika, mata shida ke bin bayanta zuwa tasha, kowace da katinta.

Wahabu ya yi kwana uku ba ya gaishe ta. Ranar komawa, da dilolin kaya suka taru, ita ta aika aka kira shi.

"Wannan kam aikin motarka ne," ta ce. "Faɗi farashi na gaskiya."

Ya faɗa, ta rage, ya sunkuya ya fara lodi.