Farin Ƙyalle a Barandarmu

A shekara ta biyu ta korona, a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar 'yan Malay, wata al'ada ta ɓullo. Duk gidan da abinci ya ƙare sai ya rataya farin ƙyalle a taga, maƙwabta su ajiye shinkafa da ƙwai a bakin ƙofa, ba tambaya ba gori.

Ƙofarmu na kallon ta wata 'yar ƙabilar Ijaw daga kudancin ƙasarmu, ɗalibar digiri na uku, ita da 'yarta ƙarama. A falonta akwai tuta mai shuɗi da ja da kore. Ranar da na fara shiga na tsokane ta, na ce ashe da masu son raba ƙasa nake maƙwabtaka. Ta yi dariya, ta ce shuɗin ruwansu ne, koren ƙasarsu, jan kuma jinin da aka zubar a kansu. Ban sake tsokanarta a kan tutar ba.

Da kulle ya yi tsawo, gidan abincin da take wa aiki ya rufe. Na lura 'yarta ta fara daɗewa a wurinmu lokacin cin abinci, tana cewa "makan", wato cin abinci a yaren garin, da ƙaramar murya. Na aika wa uwar da tuwo sau biyu, na uku ta dawo da kwanon a rufe. Zuciya gare ta kamar kuturu.

Na same ta na ce, "'Yar'uwa, ki rataya farin nan mana. Wa ya san ki a garin nan?"

Ta ce, "Hajiya, no vex. A wurinmu fari ba na roƙo ba ne. Shi mazanmu ke ɗaurawa in za su fita neman haƙƙinmu. Da shi a kansa aka tsamo gawar yayana daga ruwa. Ba zan nemi shinkafa da shi ba."

Raina ya ɓaci, don yarinya ba ta cin tarihi. Amma ni fari bai ci min kowa ba. Na ɗauko tsohon farin mayafina na ɗaura a barandarmu, da niyyar duk abin da aka kawo in tura mata, in ce ya yi mana yawa. Maigidana ya ce zan ja masa abin faɗa a wurin 'yan Kanon da ke hawa na tara na gininmu. Na ce su faɗa, bakinsu ne.

Ban gama wanke hannu ba aka ƙwanƙwasa. Na buɗe ina tsammanin wata tsohuwa ce 'yar Malay da ke hawan ƙasanmu.

Ashe maƙwabciyata ce 'yar Ijaw, da takunkumi a fuska, tana riƙe da roba. Garin rogo ne a ciki, bai kai rabi ba, an kakkaɓo shi har da na gindin buhu.

Ta ce, "Na ga mayafinki. Haba Hajiya, me ya sa ba ki faɗa min ba?"