Ranar da Na Wanke Motar Baba da Toka

Ranar Litinin, ɗaya ga watan Oktoba na 1979, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, duk Zaitawa kunnenta yana jikin rediyo. Ba makaranta, ba ofis. Tun da hantsi maza suka yi cincirindo a shagon Malam Ɗanjuma tela, domin rediyonsa ta fi ta kowa murya, mata kuwa suna leƙe ta katanga suna tambayar juna ko an rantsar da sabon shugaban ƙasa. Mahaifina kaɗai ne ya ɗauki bokiti biyu da ƙyallayensa ya nufi gareji, ni kuma ina biye da shi da buta, shekarata tara. Ya gama wanke motarsa ke nan, tana sheƙi a rana, sai Malam Ɗanjuma ya ƙwala masa kira: "Malam Habibu, zo ka ji, an fara!" Baba ya dubi motar, ya dubi shagon, sannan ya dube ni. "Ke, tsaya nan ki kula da ita," in ji shi. "Kada kowa ya taɓa." Ban taɓa jin girma irin na wannan lokacin ba, domin bai taɓa barin motarsa a hannun wani ɗan Adam ba.

Mu biyu ne kawai a gidanmu. Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa ina 'yar shekara uku, jaririn ma bai zauna ba. Kakata ce ta riƙe ni, ita ma da azumin wannan shekarar Allah ya karɓi abarsa. Ga shi ni 'yar fari ce, Baba kuwa mutumin da ne mai tsananin alkunya, ko sunana ba ya kamawa. "Ke" ce sunana a bakinsa, idan kuma da baƙo sai ya ce "yarinyar nan". Da safe zan share tsakar gida, in ja ruwa a rijiya, in sayo mana koko da ƙosai, in wanke kwanukan jiya da toka da yashi har su yi fes. Idan na dawo daga firamare, babu wanda zan ce wa na dawo. Nakan zana 'yar gala-gala a ƙasa in yi tsallena ni kaɗai, in zauna in yi carafke da duwatsuna, ni ce mai ci, ni ce wadda aka cinye. Ina jiyo 'yan matan lungu suna gaɗa, amma ba na fita, domin babu wanda zan bar wa gidan.

Motar fara ce ƙirar Faransa, ya saye ta lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, yana akawu a wani ofishin gwamnati. Lungunmu ko amalanke da ƙyar take shiga, don haka ya samu gareji a bakin titi, wajen Ƙofar Na'isa. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne a keke yake zuwa aiki. Mota ba ta fita sai Juma'a da Lahadi, idan kuma hadari ya haɗo, to an fasa tafiyar. Duk da haka kullum bayan sallar asuba sai ya je ya tayar da ita, ya kara kunnensa a bonet ya lumshe ido, kamar mai sauraron numfashin marar lafiya. Ba ya wanke ta da ruwan rijiya. "Yana da kanwa, cin fenti yake," haka yake cewa, saboda haka duro biyu ya ajiye ƙarƙashin indararo, ruwan sama na mota ne, ko alwala ba a yi da shi. Ƙyallayensa uku ne, na gilashi, na jiki, na taya, kuma ko a igiyar shanya ba sa haɗuwa. Ledar kujerun da aka sayo ta da ita tana nan bai cire ba. Malam Ɗanjuma ya ɗinka mata riga ta farin akoko, har da 'yan aljihu na madubai. Duk wanda zai shiga, komai girmansa, sai ya cire takalmi an sa a kwali a but, mai goro kuma ya furzar tun a waje. Wani abokin aikinsa ya taɓa buga ƙofar da ƙarfi, Baba ya ce masa, "Ba a buga ta, raka ta ake yi," kuma daga ranar bai sake ɗaukarsa ba.

Ba shi kaɗai ne mai irin wannan hali ba. Akwai wani Alhaji a bakin titin da yake tofa addu'a a kowace taya kafin ya shiga, wani kuma kullum sai ya cire batir ya kai ɗakinsa. Amma su suna da 'ya'ya cike da gida suna hayaniya. Ni abin da na sani shi ne Baba yana yi wa motarsa magana. Ina tsaye da buta zan ji yana cewa a hankali, "Yau kin sha ƙura," ko "Mene ne kuma yake damunki?" Kalmomin da yake faɗa mata a safiya ɗaya sun fi waɗanda nake samu a mako. Ban tsane ta ba. So nake kawai in zama mai amfani a wajenta, ko ya lura da ni.

To, a wannan Litinin ɗin ina tsaye na kafa ido, ko ƙuda ya sauka sai na kore shi, sai ga wasu samari 'yan jam'iyya sun taho da kalangu suna murna, ɗaya riƙe da gwangwanin gam, ɗaya da tarin fostoci. Bango suke mannawa, da ƙofar shago, da duk abin da suka samu. Kafin in buɗe baki wani dogo ya shafa gam a bonet ya ɗora fosta ya daddanna. Na ƙwala ihu, na ce ta babana ce, suka yi dariya suka wuce, kiɗan ya haɗiye muryata. Na sa farce na ɓanɓare, takardar ta yage biyu. Na tuttula ruwan butar, sai jan tawadar ya narke ya bi farin fentin kamar jini. Na dubi shagon tela, ga ƙeyar Baba can cikin mutane. Abu ɗaya na iya a duniya da yake fitar da datti kowane iri. Na ruga gida na ɗebo toka da yashi da soson kwanuka, na hau dutse na fara dirza da iyakar ƙarfina. Jan ya fita tas, har na ji daɗi. Sai da rana ta busar da wurin na ga abin da na yi: wuri kamar faɗin faifai ya dushe, duk zane-zane, a tsakiya har fentin ƙasa mai ruwan toka ya leƙo.

Baba ya dawo da ɗan murmushinsa na labarin rediyo. Ya tsaya cak. Ya ɗora tafinsa a wurin ya shafa a hankali, ya ga yagaggiyar fostar a ƙasa, ya ga hannayena sun yi jawur.

"Da me?" ya tambaya.

"Da toka, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya shigar da motar, ya sa mata rigarta, ya kulle garejin. Bai dake ni ba, bai yi faɗa ba, na kuwa so a ce ya yi. Kwana huɗu muna cin abinci kowa a kwanonsa, ba abin da ake ji sai ƙarar cokali. Ranar Juma'a da safe yayarsa, Gwaggo Asabe, ta zo daga Dala ta haɗa kayana a akwatin mahaifiyata. Baba yana zaure, ya ce, "Ki bi Gwaggonki, ki yi mata biyayya." A ƙafa muka tafi, akwatin a kaina, ban ko waiwaya ba don kada in yi kuka a titi. A raina babu wata shakka: na ɓata masa mota, ya kore ni.

Gidan Gwaggo cike yake da mutane, ana daka, ana ɗinkin hula, yara goma sha suna kokawa a kan ƙanzo. Ba wanda ya cuce ni, an yi mini kitso, an sa mini lalle, amma kaɗaicin da na ji a cikin wannan taro ya fi na gidanmu. Idan an aike ni nakan saci jiki in hau dutsen Dala, in yi ta duban wajen Ƙofar Na'isa ko zan hango wani farin abu yana tafiya.

A Juma'a ta uku, bayan an sauko masallaci, wani yaro ya shigo ya ce ana sallama da ni a bakin titi. Baba ne tsaye jikin motar, tabon yana nan a bonet yadda na bar shi. Ya buɗe mini ƙofar gaba, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Cire takalmi." Muka bi gefen badala a hankali, kekuna ma suna wuce mu. Can na kasa daurewa na ce, "Baba, ka yafe mini in dawo gida. Wallahi ba zan sake taɓa ta ba."

Ya gangara gefe ya kashe injin. Ya daɗe yana riƙe da sitiyari.

"Wa ya ce miki don mota ne?" Idonsa yana kan titi. "Tun ranar sadakar arba'in ta kakarki muka yanke da Gwaggonki. Wata guda tana aiko mini, ni ne na kasa. Da na ga hannunki ran nan na san na zalunce ki. Yarinya kamarki ba ta san komai ba sai wanke-wanke, ba mai yi mata kitso, ba mai yi mata hira."

Na yi kuka har ledar kujerar ta jiƙe, ya miƙo mini hankicinsa. Da ya tayar da motar sai ya ce, "Saurara. Kin ji wannan 'yar ƙarar? Bel ne ya saki." Daga nan ya ɓalle da bayani, lagireto, fulogi, birki, har muka kai bakin kasuwa. Ya saya mini rake, amma a waje na sha, yana tsaye yana jira in wanke hannu.

Ban koma gidanmu da zama ba. Sai dai kowace Juma'a yana zuwa, har na tafi makarantar kwana, har aka yi mini aure. A cikin motar nan na ji yadda ya fara ganin mahaifiyata a gidan biki a Zaitawa, da sunan da suka so sa wa ƙanena. Masu fenti sun sha tare shi su ce za su gyara bonet ɗin cikin yini ɗaya, yakan ce su bar shi. Bayan rasuwarsa na sayar wa wani tsohon bakanike da ita, domin ba ni da inda zan ajiye ta, kuma na kasa kallonta tana ruɓewa.

Yanzu titin ya cika da adaidaita sahu, mai mota ba ya samun wurin tsayawa, balle ya saurari injinsa. Ni ma ina da tawa motar, yara ne suke wanke ta cikin minti goma ina danna waya, jikokina suna cin biskit a kujerar baya suna kiran sunana gatsau, ina amsawa. Wani lokaci idan na sauke su na juyo ni kaɗai da yammacin Juma'a, nakan rage gudu ba tare da dalili ba, har na baya su dame ni da hon. Shekara tara muna gida ɗaya da mahaifina, amma sai da muka raba gida na san muryarsa.