Dutsen da Ya Faɗi a Rijiyar Samudawa

Bazara ce, shekara biyu bayan an sauya mana kuɗi zuwa naira. Shekarar nan kuɗi sun yi yawa a gari, mutane sun yi kaɗan a gida. Kowace safiya sai ka ji wane ya tafi Legas, wane ya tafi Kaduna aikin kamfani. Ɗana Sani yana cikinsu. Ƙanwarsa tana gidan miji a Funtuwa, mai gidana kuwa shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ni kaɗai nake zaune a gida mai ɗaki uku a Jibiya, in tuƙa tuwo a 'yar tukunya, ya kwana, in ɗumama.

Ana haka saƙo ya zo daga ƙauyen da aka haife ni a ƙasar Nijar, wanda ake kira Rijiyar Samudawa. Aka ce tun farin da aka yi gari ya watse, mahaifina ya tsufa, ba mai dafa masa. Na ƙudura in je in taho da shi, kada ya mutu shi kaɗai can, ni ma in sami wanda zan gaisar da safe. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce in na dawo in rubuta wa 'yan ajinmu yadda tafiyar ta kasance. To ga shi.

Litinin: Jibiya zuwa Maraɗi

Na fito ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, da ƙwaryar fura da ƙuli-ƙuli da goron Baba. A Magama na sami babbar mota mai ɗauke da siminti da gangunan kananzir. Naira ɗaya har Maraɗi, direba kuma ya sa ni gaba saboda shekaruna. A shingen kwastan namu wani ma'aikaci ya leƙa ƙwaryata ya ce, "Inna, ba dai rediyo kika ɓoye cikin furar ba?" Na ce ya sa ludayi ya duba. Ya yi dariya ya ɗaga mana sanda.

Ƙarfe takwas saura muka isa Ɗan Isa, inda 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, suke. Suka ce sai an sauke kaya duka. Muka koma gindin bishiyar bedi, ni da direba da wani dattijon malami mai zuwa ta'aziyya Tasawa, da wani magidanci mai wando mai faɗin ƙafa da ya dawo daga aikin kamfanin hanya, ana ce masa Ɗan Legas.

Direba ya ce, "Inna, ina anka nufa?"

Na gaya masa.

"Af! Garin duwatsun nan biyu?"

Bari in bayyana wa waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Rijiyarmu zurfinta gaba arba'in ne, ba a jan ta da hannu sai da wahala. A bakinta akwai duwatsu biyu tsaye, kowane ya fi tsayin mutum da rabi, an ɗora gungumen giginya a kansu. Igiya na bi ta kan gungumen, jaki na ja. Ƙasar kuwa yashi ce zalla, sai ka yi tafiyar yini ba ka ga dutsen da za ka jefi tsuntsu ba.

Direba ya ce aikin Samudawa ne, manyan mutanen farko. "Kakata ta ce macensu kan tsaya Maraɗi ta miƙa wa maƙwabciyarta wuta a Katsina. Wanga dutse a hammata ɗayansu ya riƙo shi kamar taɓarya."

Malam ya ajiye carbi ya ce, "Kai direba, sitiyari ka sani, bar ilimi ga masu shi. Samudawa can ƙasar Larabawa sunka zauna. Wannan aikin aljannu ne, irin waɗanda anka hore wa Annabi Sulaimanu."

Ɗan Legas ya ce, "Ku yi haƙuri, ni na ga injin da ke ɗaga motar nan da kayanta. In ba inji, ba mai ɗaga dutse. Turawa ne sunka zo tun da can, ba a dai rubuta ba."

"Kai komi Bature," in ji direba. "Ko tuwon gidanku in ya yi daɗi, Bature ya tuƙa."

Har Malam sai da ya dara. Suka juyo gare ni, tunda garinmu ne. Na ce ni dai na tashi na tarar da su, kuma ban taɓa tambaya ba.

Sai sha biyu da rabi aka sake mu. Daga Jibiya zuwa Maraɗi kilomita hamsin ne da 'yan kai, amma ƙarfe biyu ta wuce kafin mu shiga tasha. Na sauka gidan wata mai tuwo da ke ba mata matafiya tabarma. Da magariba matan suka zauna kowace tana labarin jikokinta. Na ci dogon burodin nan nasu da miya, na saurara.

Talata: Maraɗi zuwa gida

Ƙarfe bakwai na shiga ƙaramar mota zuwa Cadawa, wajen kilomita talatin da biyar, jandarma suka tsai da mu sau biyu. Daga nan amalanken shanu ce, awa huɗu cikin yashi. Ƙasusuwan dabbobin da fari ya kashe suna nan gefen hanya, sun yi fari tas. Itatuwan da na sani tun ina yarinya sai kututture.

Da la'asar muka isa. Gidajen da hayaƙi ke tashi ba su kai goma ba. Na hango Baba tun daga nesa, zaune bisa wani abu dogo a bakin rijiya. Da na matso na ga dutsen gabas ne kwance a ƙasa, ɗan'uwansa na tsaye shi kaɗai.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona.

"Auta, ke ce? Kin yi furfura."

"Baba, kai ma ka yi."

Ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce lokacin fari shanu daga ko'ina suka yi ta turmutsutsu a bakin rijiyar har suka cinye ƙasar gindin dutsen, ruwan farko da ya sauka ya kada shi. Tun ranar ake jan ruwa da hannu, ƙaramin guga ɗaya tsofaffi uku. Masu ƙarfi duk sun tafi Najeriya, saura kuma suna shirin komawa inda ke da rijiyar siminti.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ina zuwa, Auta, na yi alkawari. Amma tsaye ubana ya bar mini dutsen nan. Ba ni barin shi kwance."

"A kafa itace mana."

"Gara ta cinye kafin kaka. Kuma ina itacen?"

Don in sa shi fara'a na ba shi labarin gardamar Ɗan Isa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wanda ya kawo shi nan, Allah kaɗai ya sani. Amma ya taɓa faɗuwa ina yaro, na ga yadda kakana ya tada shi. Ba aljani, ba Bature. Ƙwarya ce da haƙuri."

Laraba

Abin da ya hana Baba tada dutsen shi ne rashin hannuwa. Gwaggo Hajo, maƙwabciyarsa, wadda duk matan garin ke jin maganarta, ta ce dutsen da iskoki suka kada mutum ba ya tadawa, wanda ya taɓa kuma hannunsa zai shanye. Na bi gida gida ina gaisuwa. Ban yi gardama da kowa ba. Na ce ni gobe zan ɗauki ƙwaryata, a zo a ga ko hannuna zai shanye. Ba zan ɓoye ba, ba ruwan garin ne a raina ba. Ubana nake so in tafi da shi.

Alhamis zuwa Laraba: aikin dutse

Ga yadda aka yi. Muka haƙa rami a gindin dutsen har ƙugu, da gangara a gefensa. Muka tone ƙarƙashin kansa muka cusa bakin gungumen giginyar nan, muka kifa tsohon turmi ya zama matashi a ƙarƙashin gungumen. Tsofaffi huɗu suka rataya a ɗaya bakin. Baba ya ce, "Danna!" Dutse ya ɗaga yatsa biyu. Ya ce, "Cusa!" Muka zuba jiƙaƙƙen yashi muka kirɓa da taɓarya. Ya ce, "Saki!" Dutse ya zauna bisa yashin, bai koma inda yake ba. Shi ke nan dabarar. In tudun ya tashi sai a ɗaga turmin a maimaita.

Ranar farko ni da mata biyu ne muke ɗibar yashi, kan dutsen ya tashi kamu ɗaya. Gwaggo Hajo na zaune inuwar danga tana cewa, "Sannunku Samudawa! In kun gama ku ɗauko mini dutsen Kwatarkwashi in yi niƙa." Rana ta uku sai ga ta da ƙwarya a ka. Ta ce, "Ba don dutsenku ba, ƙafata ce ta gaji da zama. Ke Auta, miƙo hannun nan in gani." Ta juya shi gaba da baya, ta sake shi, ta shiga ɗibar yashi.

Rana ta huɗu ni na yi kuskure. Ruwa ya ƙare, ina ƙosawa, na ce a zuba busasshen yashi haka nan. Da Baba ya ce a saki, tudun ya zame, dutse ya dawo ƙasa da ƙarfi, saura kaɗan ya danne mini ƙafa. Aikin yini guda ya tafi. Na zauna ƙasa. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mi kike sauri, Auta? Jibiya na nan. Tashi ki jiƙa yashi."

Rana ta bakwai kan dutsen ya kai kafaɗar mutum. Aka ɗaura masa igiyoyi, jakuna biyu da duk mai numfashi a garin muka kama. Ƙarfe goma da kwata ya yi wani gurnani, gindinsa ya sulale cikin ramin, ya yi tangaɗi, ya tsaya. Gwaggo Hajo ta rangaɗa guɗa.

Da yamma, bayan an cike ramin an ɗora gungume, muka shiga kwashe tudun yashin. Baba ya tsai da ni ya ce, "Duba da kyau. In mun gama kwashe ƙasar nan, ba sauran shaida. Jikokinki za su ce aljannu ne."

Asabar: ranar tashi

Baba ya cika alkawari. Tun asuba ya ɗaure kayansa, tabarma da buta da riga biyu, na ɗora a amalanke. Ya ce bari ya sallami rijiya. Na bi shi.

Ashe labari ya bazu. Fulani sun iso da shanu, ga wasu gida biyu da suka koma Cadawa sun turo mazansu su gani da ido. Kowa na son ya fara ja, har an soma cacar baki. Wani Bafulatani ya dubi Baba ya ce, "Sarkin Rijiya, ta wa za a fara?" Sai na ji muryar Baba ta tashi: mutane tukuna, sannan awaki, sannan shanu, kuma kada a bar dabba ta matso gindin dutse. Rabona da jin wannan muryar tun ina budurwa. Yana nuni da sanda, yana zagayawa, ya manta da ni, ya manta da amalanke.

Na tuna ɗakin da zan sa shi a Jibiya. Zai zauna ƙofar gida yana kallon motocin kananzir suna wucewa, ba mai tambayarsa komai.

Na koma na sauke kayansa da kaina na kai ɗakinsa. Na sami Gwaggo Hajo na roƙe ta ta riƙa sa masa hannu a tukunyarta. Ta ce, "Tun yaushe nike yi, sai yau za ki roƙe ni?"

Da Baba ya dawo ya ga tabarmarsa a shimfiɗe. Ya ce, "Auta, na ce ina zuwa."

"Na sani, Baba. Zauna."

Ya zauna bisa tabarmar. Can ya ce, "To ke fa?"

Na ce Allah na nan. Ya raka ni har bayan gari, ya dafa kaina ya yi mini addu'a. Da amalanke ta yi nisa na waiwaya, na ga duwatsu biyu tsaye, shi kuma ya riga ya juya wajensu.

Lahadi: dawowa

Na kwana Maraɗi gidan mai tuwon nan. Ƙarfe takwas na sami motar hatsi, wannan karon 'yan duwan ba su riƙe mu ba sai rabin awa. Da azahar na buɗe ƙofar gidana. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakin randa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobin da suka ɗauke ni, da mai tuwon Maraɗi, da matan garinmu da suka ɗauki ƙwarya. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Washegari da safe na je na sayo rama ɗauri biyu. Igiyar rijiyar duk ƙulli ce, ba za ta kai damina ba. Na zauna tsakar gida na ɗora a cinya na fara tufka.