Ƙaramin Rubutun da Na Sa a Buhun Iri

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ina da ɗan shagon buga takardu a Sabon Birni. Ban daɗe da koyon kwamfuta ba, amma ji nake duk Gobir ba wanda ya kai ni iya tsara rubutu.

Wata ƙungiyar manoma ta samo irin gero mai saurin nuna, an cakuɗa shi da maganin ƙwari mai guba, za a raba a ajiye sai damina. Aka ba ni aikin takardar da za a liƙa jikin buhu. Na zuba salon rubutu har kala biyar, sunan ƙungiya ɓaro-ɓaro a sama. Gargaɗin "ba na ci ba ne" kuwa na maƙale shi can ƙasa, siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, don ya yi kyau.

Kwana biyu da rabo, kawuna mai rubutu jikin motoci ya leƙo shago, ya ɗauki ragowar takardar.

"Kai, mi ka rubuta nan ƙasa? Ni da gilashi ban gane shi ba."

Na karanta masa. Ya zuba min ido.

"Mutane na kwana da yunwa, an ba su hatsi, kai ko ka ɓoye musu wanga?"

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Muka sanar da ƙungiyar, muka hau babur da gwangwanin fenti, ƙauye-ƙauye har Turba. A wani gida muka tarar da wata dattijuwa ta wanke irin ta shanya a tabarma.

"Inna, wanga guba gare shi!" in ji kawu.

Ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Jikata ta duba takardar, ta ce sunan masu kyauta ne. Tuwon dare za ni yi da shi."

Kawu ya jawo buhun irin. Ya durƙusa ya rubuta GUBA, KADA A CI a jikinsa, da boko da ajami, kowane harafi kamar tafin hannu, ba ado ko ɗaya. Kwana uku muna wannan yawo, ni ne mai riƙon fenti.

Tun daga nan, in na tsara takarda, maganar da ta fi muhimmanci ita nake fara girmamawa, in bar mata fili, in ja da baya taku goma in karanta. Ba mu ji labarin kowa ya ci ba, alhamdulillahi. Amma har yau nakan tambayi kaina ko akwai buhun da ba mu kai gare shi ba.